Komin Alade Da Kwanon Talaka

Ranar wata Talata a zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin ciyar da dabbobi ya shigo aji ya rubuta a allo cewa yau za a yi magana a kan yadda mutanen Denmak ke haɗa abincin aladunsu. Kafin ya ajiye alli, aji ya ɗauki guna-guni. Wani ya ja tsaki, wani ya yi a'uziyya da ƙarfi yadda kowa zai ji, wasu 'yan kujerun baya kuwa suka tattara littattafansu suka fice, suna tafe suna gyara zaman hula kamar waɗanda suka ciwo yaƙi. 'Yan'uwanmu na Kudancin Kaduna da Filato, waɗanda wasunsu da kuɗin alade aka biya musu makaranta tun daga firamare, suka sunkuyar da kai suka yi shiru. Ni dai na zauna. Abin da na ji a cikin sa'a gudan nan, da abin da na bi na karanta bayanta, shi ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Bari in share fage tukuna, domin na san halin wasu masu karatu. Ni Musulmi ne, ban taɓa cin naman alade ba, ba kuwa zan ci ba, ba na kuma kiran kowa ya ci ko ya kiwata. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce haramcin cin nama ya shafi sanin lissafin abin da dabbar ke ci ba. Wanda ya fice daga ajin nan bai ƙaru da ko raka'a ɗaya ba. Abin da ya yi hasara shi ne sanin cewa a komin aladen Turai ake yanke wa waken Afirka ta Yamma farashi, kamar yadda a can aka taɓa yanke wa gyaɗar kakansa. Ga shi kuwa nan da shekara biyu ko uku shi ne za a ba tebur a Ma'aikatar Gona, a miƙa masa fayil a ce ya ba Babban Sakatare shawara.

Denmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta kimanin miliyan 6, aladunta kuwa sun kusa ninka mutanen sau biyu. Ba da haka ta tashi ba. Har zuwa wajen 1870 hatsi take nomawa tana sayar wa Ingila, sai jiragen ruwa masu tururi suka fara kwararo alkamar Amurka da ta Rasha cikin kasuwannin Turai da araha, farashi ya faɗi warwas. Manoman ƙasar suka ce tun da hatsi ya zama banza, bari mu zuba shi a cikin dabba mu sayar da dabbar. A 1882 mutanen wani ƙauye mai suna Hjedding suka kafa wurin sarrafa madara na gama-kai, na farko a ƙasar. Kowa ya kawo madararsa, a fid da mai a sayar, a mayar masa da tsala ya koma gida da ita. To, wa zai shanye tsala mai yawa haka? Alade. A 1887 aka kafa mahautar gama-kai ta farko a garin Horsens, a shekarar nan kuma Jamus ta rufe ƙofarta ga aladun Denmak masu rai, sai suka juya wajen Ingila da nama mai gishiri. Daga baya suka kafa ƙungiyoyin saye da niƙa abincin dabbobi, waɗanda suka haɗe a 1969 suka zama DLG. Babban kamfanin yankansu, watau Danish Crown, mallakar manoma ne 'yan dubbai, kuma yana da reshe mai suna Friland wanda ke kula da naman dabbobin da aka kiwata a fili da waɗanda aka kiwata bisa tsarin oganik. Mai karatu ya lura da abu guda: injin da ke niƙa abincin na manomi ne, mahautar da ke karɓar dabbar ita ma tasa ce, ribar da ta rage a ƙarshen shekara kuwa aljihunsa take komawa.

Shi wannan oganik ɗin, ma'anarsa noma da kiwo ba tare da takin zamani ba, ba feshin maganin ƙwari ko na ciyawa irin na sinadari, ba kuma irin shukar da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike. Denmak ta yi doka a kansa tun 1987, ta riga sauran ƙasashe, kuma jami'an gwamnati ne ke zagayawa gonaki suna dubawa kafin a buga wa kaya jan hatimin nan mai kambi. Uwar aladu a wannan tsari a fili take haihuwa, cikin 'yar bukka a tsakiyar ciyawa. 'Ya'yanta sai sun sha nono mako bakwai, alhali a kiwon da aka saba mako huɗu ne ake yaye su. Irin waɗannan aladu ba su da yawa, kimanin ɗaya ne cikin ɗari na aladun ƙasar, amma namansu ya fi tsada nesa, har ana fitar da shi waje.

Sai dai bukka da ciyawa ado ne kawai na hoton talla. Uwar maganar tana cikin komi, domin abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon alade, kuma sai dabba ta ci kusan kilo uku kafin ta ƙara kilo ɗaya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/848, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na abincin ya fito daga gonar mai kiwon, in ba hali kuwa daga yankinsa. Gonar da za a noma sha'ir ko alkamar abincin sai ta yi shekara biyu ba ta ga taki ko feshin sinadari ba kafin a yarda da amfaninta. Dole a ba dabba ciyawa ɗanya ko busasshiya kullum. Tunkuzar da aka tatse manta da sinadarin heksen ba ta shiga, sai wadda aka matse da ƙarfin inji. Masana'antar da ke haɗa abincin dole ta raba na oganik da wanda ba shi ba, ta rubuta kowace mota da ta shigo da kowane buhu da ya fita, yadda in aka ɗauki yankan nama a kanti za a iya bin sawunsa baya-baya har zuwa gonar da dabbar ta tashi, da injin da ya niƙa abincinta.

Kada wani ya ɗauka tsabar tsoron Allah ne ya sa su wannan ƙaƙale. Wuya suka sha. A 1999 man taransifoma ya shiga cikin kitsen da ake haɗa abincin dabbobi da shi a Beljiyam, dafin dayoksin ya bi kaji da ƙwai da aladu, aka kwashe kaya daga kantuna, gwamnatin ƙasar ta sha kaye a zaɓen watan Yunin shekarar. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Ingila daga wata gonar da ake ba aladu ragowar abincin mutane, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, daga nan aka hana ba alade sauran kwano. A 2002 abin ya faɗa kan 'yan oganik su kansu, sa'ad da aka gano maganin ciyawa mai suna nitirofen a alkamar abincin kaji a Jamus, ashe an ajiye ta ne a wani sito a garin Malchin wanda a zamanin Jamus ta Gabas ma'ajiyar magungunan feshi ne. A Disamban 2008 kuma Ailan ta janye duk naman aladen da ta fitar kasuwa tun farkon Satumba, alhali gonakin aladu kimanin goma ne kawai suka ci gurɓataccen abincin, don dai an kasa rarrabe naman wannan gona da na waccan bayan ya shiga mahauta. Duk waɗannan masifu ta baki suka shiga. Saboda haka suka ɗaure komi da doka, suka sa masa littafi da mai gadi.

Har nan ba ni da ta cewa sai yabo, kuma ban ji kunyar yabawa ba. Amma masu tallan wannan tsari suna cewa wai da'ira ce rufaffiya: gona ta ciyar da dabba, dabba ta ba gona taki, ba abin da ke shigowa daga waje. A nan ne na ce a'a. Da'irar tana da ƙofa, kuma ƙofar ta buɗe ne ta wajenmu.

Ga yadda abin yake. Alade ba ya tuƙa kamar saniya, cikinsa ɗaya ne irin na mutum da na kaza, saboda haka ba ya iya mayar da ciyawa nama yadda shanu ke yi. Yana bukatar furotin mai kyau, musamman wasu ginshiƙansa biyu da ake kira laisin da metiyonin. Hatsi ba shi da laisin isasshe. Waken da ke yi a ƙasar sanyi yana da laisin amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne. Mai kiwon da aka saba ba ya damuwa, sai ya sayi waɗannan sinadarai da aka haɗa a masana'anta ya barbaɗa kaɗan a cikin abinci. Dokar oganik ta hana wannan. Da za a iya cike giɓin da abin gida da tuni an cike, amma ita dokar da kanta ta amsa gazawa, tun da ta bari a sa wa 'yan aladun da ba su wuce kilo 35 ba kashi 5 cikin 100 na furotin da ba na oganik ba, ta sa wa wannan sassauci wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Abin da ya fi kowane magance matsalar shi ne waken soya, wanda kusan kashi biyu cikin biyar na ƙwayarsa furotin ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar kuma mai. Shi kuwa waken soya ba ya son sanyin Denmak. Ƙasar takan shigo da tunkuzarsa sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara don kiwon da aka saba, mafi yawa daga Kudancin Amurka. Na oganik kuwa, Turai ta daɗe tana sayo tunkuzarsa daga Sin da Indiya, ɗanyen waken kuma, tun wajen 2020, ƙasar da ke kan gaba wajen kai mata shi ita ce Togo.

Togo fa, jama'a! Maƙwabciyarmu ta bayan Binin, wadda mutanenta ba su kai miliyan goma ba, wadda 'yan'uwanmu Hausawa ke zaune a zangunanta tun zamanin fataucin goro. A 2022 abin da ta kai Turai na waken soyan oganik ya haura tan dubu 100. Ƙananan manoma ne ke noma shi da fartanya, babban kasonsa kuwa cikin abincin kaji da shanu da aladun Turai yake ƙarewa. Jaridu suka yi ta buga labarin da murna, wai Afirka ta ciri tuta. Na tabbata a yanzu haka akwai wani ƙaramin jami'i a wata ma'aikata tamu da ke rubuta takarda yana cewa mu ma mu bi sahu, mu ware kadada dubu kaza a Binuwai da Kaduna don noman waken fitarwa, mu samo kuɗin ƙasashen waje. Da shi nake wannan magana.

Ya kai ɗan'uwa, mun taɓa ganin wannan wasa, kuma a Kano aka yi shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta fara bin dogo zuwa Ikko. Aka tara buhuna har suka zama dala, ana ɗaukar hotonsu ana bugawa a littattafan makaranta, Nijeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da gyaɗa. Mun haddace wannan duka tun muna aji huɗu. Abin da ba a koya mana ba shi ne abin da ke faruwa da gyaɗar in ta sauka a Ingila da Holan. A matse ta, man ya tafi sabulu da man shafa wa burodi, tunkuzar kuwa, wadda matan karkararmu ke soyawa su yi ƙuli-ƙuli, a zuba wa dabbobin Turawa. Ko da aka kafa injinan matsar mai a Kano, ita tunkuzar jirgi ta riƙa bi. Ba na musun cewa rarar kuɗin Hukumar Ciniki ta yi wasu ayyuka a Jihar Arewa. Amma farashin da hukumar ke ba manomi ƙasa yake da na kasuwar duniya, bambancin kuwa shi ne rarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sa'an nan ƙarshen ya zo. A 1960 talotalo kimanin dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Masana suka bincika suka gano wani dafi da funfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, suka sa masa suna afalatoksin. Tun daga nan masu haɗa abincin dabbobi a Turai suka fara ɗari-ɗari da tunkuzar gyaɗa. A daidai wannan lokaci kuma, a yarjejeniyar cinikin da aka ƙulla a 1962, Kasuwar Tarayyar Turai ta yarda waken soya ya riƙa shiga ba haraji, wanda Amurka ce ta fi kowa cin moriyarsa. Kafin farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su ƙarasa mu, mai sayen ya riga ya sami wata budurwa. Ba wanda ya aiko mana da takardar ban haƙuri.

Shi dafin nan yana nan bai tafi ko'ina ba, sai dai Turawa sun sa masa iyaka a doka. Kayan haɗa abincin dabba kada dafin ya wuce kashi 20 cikin biliyan, abincin ɗan alade ƙarami kuwa kada ya wuce kashi 5. Buhun da ya wuce haka ba ya shiga. To, ina yake tafiya? Ba a teku ake zubar da shi ba. Ɗan kasuwa ya san abin da za a karɓa da wanda za a ƙi, saboda haka tun a sito yake tsince mai kyau ya yi wa jirgi, ɓarya da ruɓaɓɓiya kuwa su koma kasuwar gida, a yi mai da ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunun yara. Wannan dafi yana jawo sankarar hanta, kuma in ya yi yawa kashewa yake nan take, kamar yadda ya kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Haka a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya, aka yi ta sabunta hanin. Waken da aka ƙi ɗin, wa ya ci shi? Ka tambayi alalar da ka karya da ita yau da safe. Ɗan alade mai kilo goma a Denmak yana da doka da ɗakin gwaji da jami'in da ke tsaye a kan kominsa, ɗan mutum mai kilo goma a ƙauyenmu kuwa kwanonsa Allah kaɗai ke gadi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce manomin Togo ba tilasta masa aka yi ba, farashin oganik ya fi na kasuwar gida, kuɗin ya yi masa rufin kwano ya sa 'ya'yansa makaranta. Gaskiya ne, kuma ni da nake cin abincin ɗakin cin abinci ba ni da bakin da zan ce wa talaka kada ya sayar wa wanda ya fi tayi. Laifin ba nasa ba ne. Amma a duba wanda ke riƙe da igiya. Dokar a Turai aka rubuta ta. Masu ba da takardar shaida, irin su Ecocert ta Faransa da Control Union ta Holan, kamfanonin Turai ne, kuma kuɗi ake biyansu kowace shekara. Manomi mai kadada biyu ba zai iya biya shi kaɗai ba, sau da yawa mai fitar da kayan ne ke ɗaukar nauyin takardar, wanda ya biya kuwa shi ke da bakin magana a kan farashi. Sabuwar dokar ta ƙara tsanani, ta ce ƙungiyar manoman da ke neman shaida ɗaya kada ta wuce mutum 2,000, ta kuma ƙara yawan dubawa da gwaji, duk a kan kuɗin mai noma. Manomin Denmak shi ke da injin, shi ke da mahautar, yana da ƙuri'a a taron shekara. Manomin Togo abin da ke nasa fartanya ce da buhu. In aka ce duka biyun suna cikin sarƙa ɗaya, to ɗaya a hannu yake riƙe da ita, ɗaya kuwa a ƙafa take.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga littafin akawu. Wanda ya tashi a karkarar Kano ya san tsarin iyayenmu. A noma gero da dawa da wake a gona ɗaya, a ɗaure harawa a ɗora a kan bishiya ko soro, tumaki da awaki su ci da rani a turke, a kwashe takinsu a mangala jaki ya kai gona kafin ruwa ya sauka. Bayan girbi Bafillace ya sauka da shanunsa su ci kara su bar kashi, har manomi ya ba shi damin hatsi don ya daɗe. Wannan ita ce da'irar da Turawa ke bugawa a takarda mai ƙyalli, iyayenmu sun yi ta ɗaruruwan shekaru ba hatimi ba sufeto. In ka ɗauki wake ka sa a jirgi, ka ɗauki ƙarfin ƙasar da ya tsotsa ka tafi da shi. Gaskiya ne waken soya yana samo wani kaso na abincinsa daga iska, amma sauran daga ƙasa yake ja, kuma manomin oganik an hana shi mayarwa da takin buhu. Dabbar da ta ci waken tana Turai, kashinta a gonar Turai zai zuba, har ya yi musu yawa sai da suka sa doka kada a wuce kilo 170 na naitirojin a kadada a shekara. Su suna fama da yawan taki, mai noman waken yana fama da rashinsa.

Kuma kada jami'in namu ya yi tsammanin wannan kasuwa za ta dawwama. Mutanen Denmak ba sa jin daɗin dogara da waken nesa, masu sayen naman oganik suna yi musu gori a kansa. Masanan Jami'ar Aarhus sun yi shekaru a tasharsu ta Foulum suna gwada tatsar furotin daga ɗanyar ciyawa: a yanko ta, a matse ruwanta, a dumama shi har furotin ya daskare, a busar ya zama koren gari a ba aladu da kaji, tuƙar kuma a ba shanu. Daga 2020 an fara kafa masana'antun yin haka a ƙasar. Suna kuma faɗaɗa noman waken ƙasar sanyi, Faransa da Italiya da Ostiriya da ƙasashen kogin Danub suna ƙara noman soya. Har yanzu garin ciyawar ya fi wake tsada, amma suna kan aiki, jami'a da ƙungiyar manoma da injin niƙa duk baki ɗaya. Ranar da suka toshe ƙofar nan, wanda ya sare gonar dawarsa ya shuka waken fitarwa zai tsaya da buhunansa a bakin hanya yana jiran motar da ba za ta zo ba, kamar yadda kakanninmu suka tsaya da gyaɗa.

Alhali ga yunwar furotin a cikin gidanmu. Tun daga 2020 masu kiwon kaji a ƙasar nan ke kuka da tsadar masara da waken soya, ƙungiyarsu ta yi ta roƙon a rage fitar da waken, da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuwa abin ya ƙara muni, domin mai saye da dala ya fi kowa tayi. Gonaki da yawa suka rufe, ƙwai ya gagari yaran talakawa. Masu kiwon aladen da ke kai dabbobinsu kasuwar Katsit kusa da Kafancan kowace Alhamis, da mai kiwon ragon layya a bayan gida, da mai tafkin tarwaɗa, duk dusa ɗaya da tunkuza ɗaya suke rububi. Ga awarar da 'yan mata ke soyawa a ƙofar makarantu, wadda ita ce naman yaro mai naira hamsin, ita ma daga waken nan take. Mai noman waken a Binuwai da mai noman masara a Saminaka ba su san mai kajin ba, mai kajin bai san su ba. Tsakaninsu akwai dillali da mai sito, wanda ke saye da kaka ya kulle, ya buɗe da bazara.

Gwaggona tana da kaji ɗari biyu masu ƙwai, da su take riƙe marayu huɗu. Bara ta sayi buhu goma na abinci a wani shago, an rubuta a jiki furotin kashi kaza, an zana kaza mai ƙiba tana murmushi. Cikin mako biyu ƙwai ya ragu da rabi, kaji suka fara tsigar gashin juna. Da na je hutu na zuba abincin a ruwa, buntun shinkafa ya taso sama, yashi ya kwanta ƙasa. Mai shago ya rantse haka aka kawo masa, wanda ya kawo masa ba a san inda yake ba, buhun kuwa ba lamba ba kwanan wata ba adireshi. Ta sayar da kaji sittin ta biya bashi. Ba wai ba mu da hukumomi ba ne. Muna da Cibiyar Binciken Dabbobi a Shika, wadda ta fid da kazar ShikaBrown, muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, masanan Cibiyar IITA ta Ibadan sun fid da Aflasafe mai rage dafin funfuna tun a gona, an yi dokar kafa Cibiyar Kimiyyar Dabbobi a 2007, an kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Kiwo ta Tarayya a 2024. Ilmin yana nan, ofisoshin suna nan. Amma tsakaninsu da akurkin gwaggona ba hanya, kuma daga Shirin Ciyar Da Ƙasa na 1976 zuwa Juyin Noma na 1980 zuwa duk waɗanda suka biyo baya, rabon taki da tarakta muka iya, ba mu taɓa ɗaukar komi da muhimmanci ba.

Abin da nake so yayyenmu da ke ma'aikatu su ɗauko daga Denmak ba dabbar ba ce, a bar musu abinsu. Su ɗauko injin da manoma suka mallaka, inda mai wake da mai masara da mai kaji za su zama 'yan ƙungiya ɗaya, a gasa waken a matse shi a nan, man ya shiga kasuwa, tunkuza ta shiga komi, kashin kajin ya koma gonar da ta ba da waken. Su ɗauko lamba a jikin buhu, da littafin da za a bi a kamo wanda ya zuba yashi. In bayan kajinmu sun ƙoshi aka sami rara, a sayar wa Turawa tunkuza da mai a farashin kayan da aka sarrafa, su kuma biya kuɗin sufetonsu.

Mu ɗalibai kuwa, maimakon ficewa daga aji, ga aikin da ya fi ƙarfin tsaki. A taron Majalisar Ɗalibai mai zuwa zan kawo shawara cewa Ƙungiyar Ɗaliban Aikin Gona da ta Likitancin Dabbobi su haɗu su sayo mudu ɗaya-ɗaya na abincin kaji da dusa da tunkuza daga shaguna ashirin na garin nan, da ƙuli-ƙuli daga 'yan tallan bakin ƙofar jami'a, a roƙi malamanmu su ba mu ɗakin gwaji mu auna furotin da yashi da dafin funfuna, a buga sakamakon a wannan mujalla a jere kusa da ma'aunin da Turai ta sa wa ɗan alade. Kuɗin aikin bai kai na lemon da ake sha a bikin rantsar da shugabannin ƙungiya ba. Samfur na farko yana wurina, cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona, na ɗebo shi daga buhun gwaggo.